Wasiƙa daga Bronx: Waƙar Ranar da Ka Tambaya

Bronx, New York
Daren Lahadi

Assalamu alaikum, ƙanena Malam.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya jikin Inna? Na ji a muryarta ranar Juma'a cewa tarin bai gama sakinta ba, ko da yake ta ce ya tafi. Ka san halinta, don haka ka kai ta a duba ko tana so ko ba ta so. Abin da na turo a farkon wata, a fara cire na magani, sauran a yi gyaran katangar da damina ta ci. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa. Aikin tuƙi yana nan yadda ka sani, mu fita bayan isha'i mu dawo da asuba.

Ka tambaye ni waƙar da takwarar Inna take rerawa ranar da muka yi waya, wadda ta sa ka yi ta dariya ka ce yarinya ta fi ɗalibanka na aji shida sanin rana. Na ce zan ba ka labari, sai layin ya yanke. To ga shi a rubuce, tunda maganar ta fi ƙarfin kati.

Daga makaranta ta kwaso ta. Waƙar wasu mawaƙa ce biyu na nan Brooklyn, ana kiran ƙungiyarsu They Might Be Giants, wato kamar a ce "wataƙila ƙattai ne". Duk su biyun sunansu John, ɗaya Linnell, ɗaya Flansburgh. Takwarori ne kuma abokai tun suna makaranta a jihar Massachusetts, suka dawo New York suka kafa ƙungiyar a 1982, kuma har yau suna tare. Ka lissafa, sama da shekara arba'in ke nan. Ni da na ga yadda 'yan gida ɗaya suke rabuwa a kan shago guda, wannan kaɗai ya isa ya sa na tsaya na saurare su.

Yadda na san su sosai kuwa abin dariya ne. Wata Asabar na sauke fasinja a Brooklyn, sai na ga wani dattijon Bature ya baje kayan gidansa a bakin ƙofa yana sayarwa, kamar yadda suke yi a nan idan kaya sun yi musu yawa: tsofaffin littattafai, kofuna, fitila mai karyayyar ƙafa, da kwali cike da faifan CD, kowane ɗaya dala ɗaya. Na ga sunan mawaƙan yarinyar nan, na ɗauki huɗu. Da yake tsohuwar motata har yanzu tana cin faifai, na saka ɗaya mai suna Apollo 18, na 1992. Da farko lafiya lau. Can wajen ƙarshe sai abu ya rikice. Waƙa ta fara, kafin na ƙirga goma ta katse, wata ta shigo da wata murya daban, ita ma ta katse, wata ta shigo. Na ciro faifan, na hura masa iska, na goge da gefen rigata, na mayar. Haka dai. Raina ya ɓaci, ba don dalar ba, don dai na tsani a sayar mini da abin da ya lalace ana mini murmushi. Na juya mota na koma.

Dattijon nan ya yi dariya har sai da ya zauna a kan matakala. Ya ce faifai lafiyarsa ƙalau, haka suka yi shi da gangan. Guntayen waƙoƙi ne guda 21, sunansu gaba ɗaya Fingertips, wasu ba su wuce 'yan daƙiƙu ba. A lokacin na'urorin CD sun zo da maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi ya jefo wadda ya ga dama, shi ne suka yi waɗannan guntayen don su riƙa faɗowa tsakanin manyan waƙoƙi ba zato. Na ji kunya, amma na samu malami. Ashe tsohon malamin makaranta ne irinka, kuma ya bi mutanen nan tun suna wasa a ƙananan ɗakuna. Na yi kusan awa guda a tsaye, ranar dai ban yi cinikin kirki ba.

Abin da ya fi kama ni cikin labarinsa shi ne na waya. A farkonsu su biyu ne rak: ɗaya da jita, ɗaya da akodiyan, abin kiɗan nan da ake ja ana matsawa kamar zugazugin maƙera, sai na'urar da ke buga musu ganga. Sai tsautsayi ya haɗo musu biyu, Linnell ya faɗi a keke ya karya wuyan hannu, Flansburgh kuma ɓarayi suka shiga gidansa. Ba halin fita wasa. Sai suka ɗauki na'urar amsa waya, irin mai kaset ɗin nan ta da, suka riƙa ɗora waƙa a kai, suka saka lambar a ƙananan tallace-tallacen wata jarida. Duk wanda ya buga lambar, maimakon ya ji "ba na gida", sai ya ji sabuwar waƙa. Suka sa wa abin suna Dial-A-Song, kuma ya shekara da shekaru yana aiki. Mutum ɗaya ne ke iya ji a lokaci guda, na biyu sai ya tarar da layi a cike. Har na'urar ta koya musu salo: idan aka ja murya da tsawo sai ta ɗauka saƙo ya ƙare ta yanke, dole suka koyi yin waƙa gajera, kalmomi a fili, ba jan rai.

Malam, yana wannan bayani ni kuwa hankalina ya tafi gida. Ka tuna kaset ɗin da Kawu ke aikowa daga Makka ta hannun alhazai? Yadda ake shimfiɗa tabarma bayan magariba, a sa sabon batir a rediyo, kowa ya yi tsit yana jiran a ambaci sunansa? Kai kana ƙarami, ka taɓa yin kuka don ya manta da kai, sai da aka juya kaset aka tarar ya gaishe ka a ɗaya gefen. Murya a cikin akwati, mutum yana can wata duniya. Tun ranar nake ganin mutanen nan kamar na san su.

Faifansu da ya fi shahara shi ne Flood, na 1990, mai waƙa 19, wanda a ƙarshe ya sayar da kwafi miliyan guda a Amurka. A ciki akwai wadda ta kai ta shida a jerin waƙoƙin Ingila, Birdhouse in Your Soul. Ka san wa ke magana a cikinta? 'Yar fitilar dare, irin wadda ake maƙalawa a soket a ɗakin yara don kada su ji tsoron duhu, mai siffar shuɗin kanari. Fitila ce ke ba da labarin kanta tana neman a ba ta wuri a zuciya. Da aka fassara mini na ce wannan ai wauta ce. Amma akwai wani dare da na dawo wajen ƙarfe huɗu, na leƙa ɗakin yarinya, na ga tata fitilar tana ci a lungu ita kaɗai, ta yi gadi tun da na fita. Na daɗe a bakin ƙofar. Ban ƙara cewa wauta ba ce.

Haka suke. Kiɗan kamar na wasan yara, ka ji kana kaɗa kai, sai ka nutsu cikin maganar ka tarar ana zancen kaɗaici, ko tsufa, ko aure da ya mutu. Kuma ba abin da suka raina. Sun yi wa James K. Polk waƙa, shugaban Amurka na 11, wanda yawancin fasinjojina ma ba su tuna da shi. Sun yi wa dabbobi masu shayarwa. A faifan The Else na 2007 sun ɗauki sarakunan tsohuwar ƙasar Iraƙi, su Sargon da Hammurabi da Gilgamesh, suka mai da su makaɗa masu yawo a mota ba wanda ya san da su. Ya tuna mini da marigayi Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa shi kaɗai, yana yi wa karen mota waƙa a lokacin da kowa ke bin sarakuna da attajirai. Ba wai kiɗan ya yi kama ba, ko kusa. Idon ne iri ɗaya, mai ganin abin da mutane ke tsallakewa.

Akwai kuma ta Istanbul a cikin Flood ɗin, wadda ba tasu ba ce, tsohuwar waƙa ce ta 1953 suka sabunta da goge mai gudu kamar an biyo shi. Zancenta duka canjin sunan birni ne, daga Kustantiniya zuwa Istanbul, har da tunatar da mutane cewa ita kanta New York da can New Amsterdam ake ce mata, kafin Ingilishi su karɓe ta daga hannun mutanen Holan a 1664. Duk lokacin da ta zo sai na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, da har ya bar duniya bai taɓa cewa Legas ba, sai Ikko.

Wadda ba na iya ji idan ina da fasinja ita ce Ana Ng, daga faifan Lincoln na 1988. Mutum ne yake tunanin wadda ta dace da shi tana daidai ɗaya gefen duniya, inda za ka ɓullo da za a huda ƙasa daga ƙarƙashin ƙafarka. Sunan ma a littafin lambobin waya suka tsinto shi. Ni da takwarar Inna muka ɗauko ƙwallon taswirarta, na sa yatsa a kan Funtuwa, ta zagaya ta sa nata a ɗaya gefen. Ruwa ne zalla, tsakiyar tekun Fasifik. Ta ce, "Baba, ashe ba mu ne muka fi nisa da su Inna ba." Na ce haka ne. Awa biyar ce tsakaninmu a bazara, shida a hunturu. Ita ta samu natsuwa, ni kuwa na tashi na shiga kicin.

Ba duka nake so ba, kada ka ɗauka na zama ɗan kore. Daga 1994, a faifan John Henry, suka ɗauki cikakkun makaɗa, ƙarar ta yi yawa a kunnena. Wasu waƙoƙin kuma wasa da kalmomi ne na Turanci wanda ko an fassara mini ba na ganin abin dariyar. Sai dai na yaba da wata da suka ɗauka a 1996 a tsohon ɗakin gwaje-gwajen Thomas Edison, shahararren mai ƙirƙire-ƙirƙiren nan, da ke New Jersey, a kan na'urar ɗaukar murya ta zamanin da mai aiki da kakin zuma, ba tare da wutar lantarki ba sam. Na ce waɗannan da a garinmu suke, masu ɗauke wuta ba za su hana su cin abinci ba.

Yanzu ga taka. Da suka manyanta sai suka shiga yi wa yara faifai: na farko a 2002, na haruffa a 2005, na lissafi a 2008 wanda ya ci Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, sannan na kimiyya a 2009, Here Comes Science. Waƙar rana tsohuwa ce ta 1959 da aka yi don koyar da 'yan makaranta, su kuma suka daɗe suna rera ta. Tana cewa rana dunƙulen iskar gas ce mai ci da wuta, inda sinadarin haidurojin ke rikiɗa ya zama hiliyam, kuma tana nesa da mu mil miliyan 93, wato kusan kilomita miliyan 150. To ashe akwai gyara a ciki. Masana sun ce abin da ke cikin rana ya wuce gas, zafi ya kai inda ƙwayoyin zarra ke rabuwa da lantarkinsu, abin da ake kira filasma, hali na huɗu bayan daskararre da ruwa da iska. Ka san abin da suka yi? Ba su ɓoye tsohuwar ba, ba su kuma yi gardama ba. Suka rubuta sabuwa suka ce waccan ta yi kuskure, ga daidai, suka jera su biyun a faifai ɗaya, ɗaya na bin ɗaya.

Wannan ne ya sa na ce sai na rubuto maka da hannuna. Ka tuna malamin da ya zane ni a aji biyar don na ce lissafin da ya yi a allo bai fita ba? Washegari ya goge ya gyara bai ce uffan ba, ni kuwa na yi kwana uku ina zama a karkace. Yarinyar nan da ta zo mini da waƙa ta biyu, murna take yi, wai "Baba, manya ma suna kuskure, sai su sake waƙa." Shekararta takwas.

Na san ɗalibanka ba za su ji Turancin ba, yana da sauri ko ga 'yan nan. Abin da nake so shi ne ka ji yadda aka ɗora darasi a kan kari, kai kuma ka yi naka da Hausa. Kai ne fa ka haddace mana watannin Musulunci da waƙa muna yara, har yau da ita nake lissafin azumi. Rana, wata, damina, yadda gero ke tsirowa, duk za su shiga. Idan ka yi, ka ɗauka a waya da muryar yaran ajinka ka turo mini, in saka a mota.

Zan ba wani ɗan garinmu da zai taho bayan sallah faifan na kimiyya da ƙaramar sifika mai caji da hasken rana, tare da maganin ƙafar Inna da takalman yara. Ka turo mini lambar ƙafar autanka, na manta ko 30 ce ko 32. Mai ɗakina tana gaishe ku, ta ce a tuna mata da daddawa da kuka idan mutumin zai dawo, a ɗaure sosai a leda biyu saboda na bara duk ya bi kayan mutane.

Ka gaida Inna, ka ce ta sa mu a addu'a. Ka gaida Yaya Babba da mutanen gidansa, da liman, da duk wanda ya tambaye ni.

Naka,
Yayanka