Wasiƙar Kirsimeti Daga Toronto Zuwa Gida Sakkwato

Toronto, Kanada
25 ga Disamba

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ina yi mana barka da Kirsimeti, da kuma barka da ganin wannan rana cikin rai da lafiya. Ina fata Baba ya sami sauƙin ciwon ƙafar nan, ina kuma fata sanyin hunturu na bana ya zo muku da sauƙi. Ina gaida Gwaggo, da Yaya da maigidanta da yara, da Auta. Ni ma ina nan lafiya, sai godiyar Allah, ko da yake dusar ƙanƙara ta rufe gari kuma rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar na yamma.

Abin da ya sa na zaɓi in rubuto wasiƙa a maimakon in tsaya ga kiran waya shi ne maganar da Inna ta yi mini kwanakin baya, wadda ba ta bar zuciyata ba har yau. Inna, kun ce kun gaji, domin shekara da shekaru kuna yi wa Kawu addu'a, kun kuma gaya masa abin da kuka gaskata game da Almasihu tun yana saurayi, amma ga shi furfura ta rufe shi yana nan a kan abin da yake kai. Har kuka tambaye ni ko wani laifi ne a wurinku ya hana Allah ji. Irin wannan tambaya ba a amsa ta a waya, inda layi yake yankewa kuma yara suna ta hayaniya, shi ya sa nake roƙon ku yi haƙuri da tsawon wannan takarda.

Bari in fara da halin da nake ciki a nan. Mutanenmu suna ɗaukar cewa ƙasar Turawa ƙasar Kirista ce, amma ƙidayar jama'a ta Kanada ta shekarar 2021 ta nuna cewa kashi 53 cikin ɗari ne kawai suka kira kansu Kirista, alhali a 2011 sun kai kashi 67, kuma fiye da kashi 34 cikin ɗari sun ce ba su da addini ko kaɗan. A gida, duk wanda mutum zai yi wa maganar Allah ya riga ya yarda akwai Allah, akwai hisabi, akwai lahira, sai dai a bambanta a kan hanya. A nan kuwa sai ka fara magana, mutum ya saurare ka cikin ladabi, ya yi murmushi, ya ce ya yi maka murna da ka sami abin da ke kwantar maka da hankali, sa'an nan ya koma zancen sanyi. A ganina wannan murmushi ya fi gardama wuyar sha'ani, domin mai gardama ko ba komai ya ɗauki maganar da nauyi.

A gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, ƙa'ida ba ta yarda ma'aikaci ya yi wa waɗanda yake kula da su wa'azi ba, kuma ni ban ga laifin wannan ƙa'ida ba, domin bai dace a yi amfani da raunin mutumin da ke kwance a hannunka a tura masa abin da bai nema ba. Amma idan aka tambaye ni, ina amsawa. Wata abokiyar aikina ta lura ina karɓar aikin daren Asabar da na ranakun hutu domin a bar mini safiyar Lahadi, sai ta tambaye ni dalili. Na gaya mata a taƙaice wane ne Yesu a wurina, da dalilin haihuwarsa da mutuwarsa da tashinsa. Ta ji, ta gode, kuma ba ta sake tayar da zancen ba. Muna nan muna aiki tare lafiya, ina ambaton ta a cikin addu'a, ban kuma mayar da ita abin farauta ba.

Wani abin da ke ƙarfafa ni shi ne tarihin wannan gari da nake zaune a ciki, wanda ya shafi gidanmu kai tsaye. Da Toronto ake danganta asalin mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wanda ikilisiyarmu ta ECWA ta fito daga cikinsa a 1954. Samari uku ne, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas a watan Disamba na 1893 da nufin kai bishara can cikin ƙasa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa daga baya, a 1895, ya koma gida bayan fama da zazzaɓi ba tare da an kafa ikilisiya ko ɗaya ba. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi, sai a 1902 aka samu aka kafa tashar farko a Patigi. Nakan tuna da mahaifiyar Gowans, wadda a nan Toronto take zaune, kuma ita ce ta ƙarfafa wa Bingham gwiwa tun farko ya bi ɗanta. Abin da idonta ya gani a lokacin shi ne an kawo mata labarin mutuwa. Ikilisiya mai mutane miliyoyi, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 ta hannun su Dokta Miller na Wusasa da abokan aikinsa, da waƙoƙin da kuka rera yau da safe a majami'a, duk a bayan wannan makoki suka zo.

Baba ya fi ni sanin sauran labarin, domin daga bakinsa muka ji yadda Kaka ya je asibitin kutare na Amanawa neman magani, a can ya fara jin bishara, ya dawo gida bai ce komai ba sai bayan shekaru. Mutane da yawa sun sha magani a wurin nan, sun warke, sun koma garuruwansu a kan addininsu, kuma ba a hana kowa magani ba saboda haka. Wadda ta wanke wa Kaka miki mai yiwuwa ta bar duniya tana ganin aikinta bai haifi komai ba, ga shi kuwa jikanyarsa tana rubuto wasiƙar Kirsimeti daga wata nahiya.

Manzo Bulus ya faɗi wannan a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 3, inda ya ce shi ya yi shuka, Afolos ya yi ban ruwa, amma Allah ne ya sa ta girma. Manomin ƙasarmu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Mai yin binne yakan zuba irin gero a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta nuna alamar hadari ba, ya rufe, ya koma gida. Ba shi da iko a kan ruwa, ba ya kuma komawa kowace safiya ya tone ramin ya duba ko iri ya tsaga, domin yin haka kashe shi ne. Wani lokaci ruwan fari ya zo kaɗan, shuka ta tsiro ta ƙone, sai ya sake neman iri ya sake shukawa, ba wanda kuma zai ce masa ya yi laifi. Haka ma a Ayyukan Manzanni sura 16, Bulus ne ya yi magana a bakin kogi a Filibi, amma an rubuta cewa Ubangiji ne ya buɗe zuciyar Lidiya ta karɓa.

Saboda haka, Inna, ina roƙonku ku sauke wannan kaya daga kanku. Abin da aka ɗora muku shi ne ku faɗi gaskiya, ku yi addu'a, ku kuma riƙe zumunci, kuma duk kun yi. Zuciyar Kawu tana hannun wanda ya halicce ta. Kawu mutumin kirki ne mai tsoron Allah bisa ga abin da ya gaskata, shi ne ya tsaya mana lokacin da Baba ya kwanta a asibiti, kuma bai taɓa barin a wulakanta mu a gabansa ba. Kada ƙaunar da kuke yi masa ta zama mai sharaɗi, kada kuma ya riƙa jin cewa duk ziyarar da kuka kai masa da wata manufa a bayanta. Ku ci gaba da zama yayarsa kamar yadda kuka saba, in ya yi tambaya ku amsa, in bai yi ba ku ci tuwonku tare ku yi hirar gida.

Auta, yanzu kuma gare ka. Ina ganin abubuwan da kake rubutawa a Facebook, na kuma yaba da himmarka da yadda kake karatun Littafi. Amma ka sani cin gardama daban, shaidar Almasihu daban, kuma ban taɓa jin wanda ya ba da gaskiya domin an kunyata shi a gaban jama'a ba. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3 aya 15, ta ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambayarmu dalilin begen da muke da shi, ta kuma gindaya sharaɗin tawali'u da ladabi. Ka faɗi abin da ka gaskata game da Yesu ba tare da kunya ba, amma kada bakinka ko yatsanka ya taɓa abin da maƙwabcinka yake girmamawa. Dukanmu mun san abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayu na 2022, lokacin da aka kashe wata ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci, da dokar hana fita da ta biyo baya, da tsoron da ya shiga gidaje. Kisan da aka yi zalunci ne, Mai Alfarma Sarkin Musulmi da Bishop Kukah na cocin Katolika duk sun yi tir da shi. Ina tuna maka ne domin ka san irin ƙasar da kake takawa, ka haɗa ƙarfin zuciya da hikima. Mai gaggawar ganin sakamako shi ne yakan ɗaga murya fiye da kima, domin ya ɗauka idan bai ci nasara yau ba aikin Allah ya tsaya.

Na san yau Inna da Yaya sun tashi tun asuba sun dafa shinkafa da miya, an kuma soya cincin, kuma yara za su zaga da kwanuka gidajen maƙwabta kamar yadda su ma suke aiko mana da naman layya da Babbar Sallah. Don Allah kada a bar wannan al'ada ko da tsadar kaya ta matsa. Na aiko da ɗan abin da ya samu ta hannun Yaya, a ƙara a kan cefane, a fitar da na baikon majami'a da na masu bishara da ke aiki a ƙauyuka, sa'an nan a saya wa Kawu shadda mai kyau a kai masa da gaisuwata.

Ina da roƙo guda biyu. Na fari, Inna ku sa abokiyar aikin nan tawa a cikin addu'ar Zumuntar Mata, ba sai an ambaci sunanta ba. Na biyu, idan an sami mai tahowa, a aiko mini da Littafi Mai Tsarki na Hausa guda biyu da littafin waƙoƙi, domin akwai wasu 'yan uwa daga Nijar da muke haɗuwa a gidan ɗayanmu muna karatu, kuma littafi ɗaya muke zagayawa da shi. A gaida Fasto da iyalinsa da dattawan ikilisiya, a gaida maƙwabta gida gida. Zan kira ranar jajibirin sabuwar shekara da misalin ƙarfe takwas na dare agogonku, kafin ku tafi sujadar dare.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ja da ranku, ya sada mu da alheri.

Ni ce 'yarku.