Rahoton ayyukan shekara: konser uku cikin biyar, biyolonsel a kwance, kes kusan wayam

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobin ƙungiyarmu ta kiɗan biyolon a Damagaram, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Kamar bara ni dai aka bar wa rubuta rahoton nan, kuma kun sani tun da aka yi wa ma'ajinmu afektasiyon zuwa Tanut littafin kes ma yana hannuna, wai riƙon ƙwarya, ga shi ƙwaryar ta shiga wata na tara ba wanda ya ce kawo in kama maka. To wanda ya ga rahoton ya yi tsawo ya yi haƙuri ya karanta har ƙasa, kar a zo ran taro ana tambayata abin da na riga na rubuta.

Taron wata-wata an yi shi, mu bakwai ko takwas, fuskokin nan dai da kuka sani.

A babban taron bara mun tsayar da konser biyar tsakanin Nuwamba da Maris, saboda lokacin sanyi ne kaɗai mutum zai iya zama da biyolon, gogen nan na Turawa, a wuya awa guda ba tare da gumi ya jiƙa katakon ba. Uku aka yi. Na ji ana ta magana a fada wai biro ya gaza, to bari in fara da kuɗi tunda nan ne gizo ke saƙar.

Mu 41 ne a rajista. Kotizasiyon dala ɗari ce a wata, 500 kenan, jika shida a shekara, kuɗin da wasunmu ke kashewa a shayi da nama a zama ɗaya. Waɗanda suka biya shekara cif mutum 12 ne. Akwai tara da suka biya wata uku ko huɗu suka ɗauke ƙafa, sauran kuwa ko dala ba ta shigo daga hannunsu ba. Na bi mutane gida gida a kan moto na, daga Birni zuwa Zango zuwa Garin Malam, esansi daga aljihuna, amsar dai guda ce, "sai an yi albashi", "wallahi canji ne babu, ka dawo gobe", akwai ma wanda ina jin muryarsa a tsakar gida yaro ya fito ya ce mini ba ya nan. Kuma su ne na farko wajen danna babban yatsa a gurup ɗin WhatsApp in an saka hoton repetisiyon. Babban yatsa ba ya sayen tsirkiya dan Allah. Duk Damagaram babu kanti ɗaya da ke sayar da tsirkiyar biyolon, sai an aika Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko a roƙi direba mai zuwa Kano, kuma tsirkiyar mi, waccan siririyar ta sama, bana sau huɗu tana tsinkewa tsakanin biyolon biyun. Saitin tsirkiya huɗu na biyolonsel, babban nan da ake tokarewa a ƙasa, ko da ɗan China ne, in ka haɗa da kuɗin aike ya cinye kotizasiyon mutum guda ta shekara biyu. Ga fotokopin partisiyon, wato takardun rubutun kiɗa, ga hayar kujeru, ga ruwan baƙi. Makaɗanmu huɗu, masu biyolon biyu da mai alto (yayan biyolon) da mai biyolonsel, ba a biyansu ko sisi, biyu malaman lekol ne, ɗaya ɗaliba ce a jami'a, ɗaya yana aiki a kantin magani, daga aiki suke wucewa repetisiyon, sau biyu a sati.

Konser na farko an yi shi a tsakar gidan Hajiya, Allah ya saka mata da alheri, ita ta ba da tabarmi da kunun aya. Mutane ba su kai talatin ba. Na biyu na 'yan lise ne, da rana, an kaɗa musu kashi na biyu na wani kwatuwor, wato kiɗan mutum huɗu, da Haidin ɗan ƙasar Ostiriya ya rubuta a 1797, wanda sautinsa shi ne taken ƙasar Jamus a yau. Mushe, malamin lekol ɗin nan, ya zaɓe shi ne da gangan saboda a ciki kowane kayan kiɗa yana karɓar sautin bi da bi, sai yaran suka ji da kunnensu bambancin biyolon da alto da biyolonsel ba sai an yi ta bayani a allo ba. Yara sun yi surutu amma sun yi tambayoyi, ni dai na ƙirga shi cikin nasara.

Sai na uku, na ƙarshen Disamba a filin makarantar nan ta Zango, wanda in don shi kaɗai ne wallahi wahalar shekarar ta biya. Mun yi hayar kujera 60, kafin a idar da sallar isha sun cika, aka shiga aro benci daga azuzuwa, yara a kan katanga, 'yan kabu-kabu sun kashe moto a bakin ƙofa sun tsaya kallo. An fara da Haidin, kwatuwor ɗin 1781 da ake wa laƙabi da na barkwanci. Wanda bai zo ba, ga abin da ya faru: a ƙarshen kiɗan Haidin ya sa tsayawa tsayawa da gangan, a kaɗa guntu a yi shiru, a sake kaɗa guntu a yi shiru, don mai sauraro ya ɗauka an gama. To mutanenmu suka faɗa tarkon gaba ɗaya. Shiru na farko aka ɓarke da tafi, wata baba a layin gaba ta rangaɗa guɗa, sai ga makaɗa sun ci gaba kamar ba su ji ba. Aka sake tafi, aka sake ci gaba. A na uku kowa ya ƙi tafawa, ana kallon juna, aka yi dogon shirun nan, suka kaɗa guntun ƙarshe a hankali can ƙasa ƙasa suka sauke baka, filin ya yi tsit babu wanda ya yarda an gama sai da mai alto ta kasa riƙe dariya. Mutumin nan ya rasu tun 1809 amma ya yi wa 'yan Zango wayo sau uku a dare ɗaya.

Ana shirin shiga kiɗan Duborjak aka ɗauke kuran. Gurup ɗin wuta, janareta, da aka yi mana alkawari bai zo ba, ban kuma ce kowa ba. Na ɗauka shi kenan an watse, sai samari huɗu suka taso kowa ya tsaya bayan makaɗi guda ya haska masa partisiyon da fitilar waya, kusan minti 25 hannu a sama ba wanda ya sauke, ɗaya ma shi ya riƙa juya wa mai biyolonsel shafi duk da bai san ko harafi ɗaya na rubutun kiɗa ba, da ido kawai ake yi masa alama. Ba mikoro ba komai, amma da yake babu ƙarar fanka ko ta gurup har ƙarshen fili ana jin jan baka. Kwatuwor ɗin shi ne wanda Duborjak, ɗan ƙasar Cek, ya rubuta a 1893 a wani ƙauye mai suna Spillville a jihar Iowa ta Amurka, kuma alto ce ke buɗe shi da wani sauti mai hawa biyar, irin hawan da kunnenmu ya saba da shi a gurmi da goge. Baba mai goge, da muka ɗauko daga Mirriya a bayan moto, yana zaune kusa da ni da gogensa cikin buhu, ya saurara ya saurara sai ya taɓo ni ya ce, "Ɗana, wannan anasaran a gidan wa ya yi barance?" Na ce masa Baba, mutumin bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya girgiza kai ya ce to wani ya kai masa.

Bayan nan aka yi na zamani, kashi biyu daga kiɗan Sunjata na Fode Lasana Jabate, mai balafon ɗin nan na Mali, wanda ya tsara wa ƙungiyar Kronos ta Amurka. Yana cikin kaɗe-kaɗe 50 da Kronos suka sa aka rubuta suka zuba partisiyon ɗinsu kyauta a intanet, kuma in faɗi gaskiya kyautar ce ta fara jawo mu, tunda kes ba ta da abin sayen takarda daga waje. Amma ya karɓu sosai. Sannan aka kira Baba. An ɗan sha fama kafin a fara, domin gogensa ba ya bin saitin la, sautin da kowa ke ɗaure tsirkiyarsa a kai, Mushe ya ce Baba ko za a ɗan ɗaga, Baba ya ce shi tsirkiyarsa tun safe ta zauna ba mai tada ta, yara su bi babba. Haka aka yi, su huɗu suka sassauta nasu suka bi shi. Shi yana jan waƙa a sama, biyolonsel na riƙe masa gindi kamar ƙwarya, biyolon biyu na amsawa. Nan fa liƙi ya ɓarke. Wani Alhaji ya manna wa mai biyolon na ɗaya jika biyu a goshi ta zamo ta rufe masa layin da yake karantawa, ya ci gaba da ka. Da aka tashi na ƙirga abin da aka tara a ƙasa da cikin hula, bayan an ware wa Baba rabonsa, ya fi abin da mambobi 29 suka biya a shekara ɗungurungum. Ku sake karanta wannan layin.

Kafin ya hau moto Baba ya duba bakan yaran ya ce ashe ku ma izgar doki ce, ya ɓantaro musu guntun ƙaro daga nasa su shafa. Ya kuma tambayi sunan ɗan katakon da tsirkiya ke hawa kai, aka ce da Faransanci sunansa ɗan doki, ya ce mu jaki muke ce masa, kuma mu muka fi gaskiya tunda kaya yake ɗauka.

Yanzu maganar biyolonsel, don na ji ana ɗora wa yaron da ke kaɗa shi laifi wai sakaci ne. Ba sakaci ba ne. Tsakiyar Janairu hunturu ya yi tsanani, iska ta bushe ƙaƙas, katakon gaban waɗannan kaya siriri ne ƙwarai, in ya rasa laima sai ya tsuke ya tsage. Yaron yana saka jiƙaƙƙen soso cikin gwangwani mai huji a akwatin kamar yadda aka koya masa, amma akwatin kanta zip ɗinta ya lalace tun bara, kuma a babban taron bara na nemi a saya sabuwa aka ce a jira kuɗi su shigo. Ranar wata Talata ya buɗe ya tarar da tsaga ta kai tsawon tafin hannu daga ramin sauti zuwa ƙasa, kuma ɗan sandan nan na ciki da ke tsaye tsakanin gaba da baya, wanda Faransawa ke kira ran kayan, ya faɗi yana gangara a ciki ƙwal ƙwal. Wasu sun ce a kai wa kafinta ya liƙe da farin gam. Biro ya ƙi, kuma ni na fi kowa ƙi, domin irin waɗannan kaya da mannen fata ake haɗa su, wanda in an ɗumama shi yake saki a sake gyara, in aka zuba gam na kujera an kashe kayan har abada. Mai gyaran da aka yi mana kwatance ba a garin nan yake ba, kuɗin mota da na aiki sun fi abin da ke kes. Kwatuwor kuwa babu biyolonsel ba kwatuwor ba ne. Shi ya sa konser na Fabrairu da na Maris suka faɗi, azumi ya shigo, bayan salla zafi ya wuce 40, damina ta zo kowa ya nufi gona.

Da su ne kwatuwor na 8 na Shostakobic, ɗan ƙasar Rasha, ya tafi, wanda ya rubuta cikin kwana uku a 1960 lokacin da ya je Diresdin a Jamus. Shi kwana uku, mu wata huɗu ana fama da kashi na biyu mai gudun tsiya, kuma ko da kayan bai fashe ba ban tabbata da mun kai shi fili bana ba, gara in faɗa da bakina. Kiɗan Hamza El Din na Masar kan injin ban ruwa na gargajiya, wanda Kronos suka fitar a faifansu na 1992, shi ma yana jerin da muka so, partisiyon ɗin ne na sayarwa ba mu samu ba. Ajin koya wa yara ranar Asabar ya yi sati biyar ya tsaya, yara goma sha ɗaya biyolon ɗaya, kuma mambobi uku da suka ɗaga hannu za su riƙa zuwa tsaron yaran ba wanda ya zo ko sau ɗaya. Tafiyar Maraɗi ba a ma fara maganarta ba. Takardun ƙungiya suna nan inda suke bara, saura sa hannun mutum biyu daga cikinmu, sun san kansu.

Akwai kuma masu cewa a ɓoye wai su ba sa son a gan su wurin goge saboda abin da mutane za su ce. Ba na jayayya da kowa a kan wannan, ra'ayinka naka ne, amma ka zo ka ce a cire sunanka, kar ka bar shi a rajista muna lissafi da jika shidanka muna yin alkawarin haya a kai.

Abin da ke kes yau jika 34 da dala arba'in, yawancinsa kuɗin liƙin Zango ne, rasit na kowane abu yana cikin ambulan wanda ke so ya duba. Shawarar biro ita ce duka a zuba su a gyaran biyolonsel da sabuwar akwati kafin hunturu ya dawo, kuma wanda ake bi wata shida a dakatar da shi sai ya biya. Babban taro Lahadi ta biyu ga wata bayan la'asar a gidan Hajiya, za a zaɓi sabon ma'aji, ni kam ban tsaya ba kuma kar wanda ya tsayar da ni. A zo da kuɗi a hannu. Wanda ya tafi da ƙarfen ɗora partisiyon guda ɗaya daren Zango, cikin huɗun da aka yi mana walda a Sabon Gari, ya taho da shi, mai alto a kan kujera take jingina takardarta tun Disamba.

Sakataren ƙungiya