In Kwaɗi Suka Fara Kuka, A Tanadi Allurar Sarar Maciji

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya fama da jama'a, Allah ya ƙara ma jaridar nan tamu albarka. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wani abu da duk manomin ƙasar Daura ya sani tun yana yaro amma na ga kamar ba a sa shi cikin lissafi in ana tsara harkar lafiya, wato shi maciji yana da lokacinshi a shekara, ba kullum yake yawa ba, kuma kwaɗo ne ke fara sanar da zuwan lokacin.

Duk tsawon rani ka zagaya daga Daura har Sandamu, ka bi Zango ka faɗa Ɓaure, da wuya ka ji kukan kwaɗo in ba bakin dam ko lambu ba. Amma ranar da aka tafka ruwan shuka na farko, galibi cikin watan Yuni a nan wajenmu, to daren nan ba mai barcin kirki kusa da kududdufi. Muna yara ce mana ake daga sama suke faɗowa tare da ruwan, har yanzu ma akwai manya masu rantsuwa a kan haka. Ba daga sama ba ne, suna nan ƙarƙashin ƙafarmu. Shi burduddugi in ya ga ruwa na janyewa sai ya tona laka ya shige ƙasa, fatar da yake saɓewa ta zame mashi rufi ta hana jikinshi bushewa, ya kwanta wata da watanni ba ci ba sha har sai danshi ya ratsa ƙasa ya iske shi. Shi kuma kwaɗon gida mai kaushin baya bai ma wahalar da kanshi, gindin randa da makwararar wanka da bakin rijiya sun ishe shi ya ƙare rani. Kuma wannan hayaniyar da ake ji duk maza ne ke yin ta, mata suke kira, don sauri suke a yi ƙwai a ƙyanƙyashe 'ya'yan su fidda ƙafa su zubar da jela kafin ruwan ya ƙafe, shi ya sa bayan 'yan makonni sai ka ga ƙananan kwaɗi birjik a hanya har ka rasa inda zaka taka.

To abincin wasu ya fito kenan. Gamsheƙa na cin kwaɗo sosai, duk inda suka taru tana kusa, in bata samu ba ta leƙa akurki ta sha ƙwai ta haɗiye 'yan tsaki. Ruwan da ya tada kwaɗi shi ne dai ya cika ramukan ɓeraye da na gara inda macizai suka laɓe ma zafin bazara, dole su fito. Sannan shi ne dai ya fiddo mu da asuba, da sungumi a kafaɗa, yara na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa, mafi yawa da silifas wasu ma ba takalmin sam, gari bai gama wayewa ba. Abu uku sun haɗu a rana ɗaya, abinci ya fito, maciji ya fito, mutum ya fito, to don Allah mi ake jira ya faru?

Wadda ta fi yi mana ɓarna kuwa ba ita ce babba ba. Kububuwa 'yar gajeruwa ce, da ƙyar take kai kamu ɗaya, launinta launin ƙasa da busasshen ganye, in ta ji motsi sai ta nannaɗe tana goga jikinta da jikinta kana jin wani sauti shuu shuu, wanda ya san shi ya ja da baya, yaro kuwa sai ya matsa ya ga ko minene. Dafinta jini yake hana daskarewa. Mutum zai iya dawowa gida da ƙafarshi, ya ce ai da sauƙi ɗan kumburi ne kawai, a shafa mashi magani a ba shi rubutu, sai kwana ɗaya ko biyu a ga jini na fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon miki da ya fara warkewa, in mace ce mai ciki abin ya fi muni. Wannan jinkirin nata shi ke yaudarar mutane har a makara.

In marka ta kankama cikin Agusta ciyawa ta rufe ko'ina, sai kasa ta karɓi fili. Ita bata gudu, wannan shi ne sharrinta, tana nan kwance jibgegiya a kan turba ko tsakanin kunya ta dogara da cewa ba a ganinta, mai noma ko mai yankan ciyawar dabbobi ya zo ya taka ko ya kai hannu. Saranta kumburi ne da ruɓewar nama, shi ke kai mutum ga yanke yatsa ko ƙafa in an yi sakaci. A wannan lokacin ne kuma katangun ƙasa ke zubewa, ruwa ya shiga gidaje, abin da ke waje ya nemi busasshen wuri, busasshen wurin nan kuwa ɗakinka ne, bayan buhu ko ƙarƙashin tabarma.

Amma in ka tambaye ni, kaka ta fi ban tsoro, kuma ita ce aka fi sakin jiki da ita don ana ganin ruwa ya ɗauke kwaɗi sun yi shiru. Kwaɗi sun yi shiru gaskiya, sai dai ɓeraye sun karɓe su. Gero na kwance a gona an jera, an tara gyaɗa tana shan iska, harawa an naɗe an jingine, karan dawa an yi bukka da shi, ko'ina ɓera ya samu gida da abinci, maciji kuma ya biyo shi ya samu inuwa da ɗumi gaba ɗaya. Saran damina a ƙafa ya fi yawa, na kaka kuwa a hannu, don mutum ɗagawa yake, ya ɗaga dami, ya ɗaga tarin gyaɗa, ya zura hannu ƙarƙashin harawa. Kuma su wa ke roron wake da kalar gyaɗa? Mata da yara ne, a duƙe, hannu cikin ganye tun safe har azahar. Ga ƙananan macizan da aka haifa ko aka ƙyanƙyashe cikin damina sun watsu, mutane na raina su wai 'ya'ya ne, alhali da dafinsu suke zuwa duniya.

Hunturu kam ana hutawa. Maciji bai da ɗumin jiki na kanshi sai abin da ya samu daga rana, in sanyi ya sauka sai ya lafa, iyaka ka gan shi da hantsi kan dutse ko gindin katanga yana shan rana. Waɗanda ake sara a lokacin galibi su suka je suka same shi, masu farauta da yaran da ke zura hannu ramin gafiya, da mai ɗibar itace daga tsohon tari. Da bazara kuma sai ya koma yawon dare, mu kuma zafi ya koro mu tsakar gida mun shimfiɗa tabarma a ƙasa, shi yana neman sanyi da ruwa wajen randa. Mu mutanen Daura ai bai kamata a koya mana cewa maciji na son bakin ruwa ba, tarihin garin namu ma kaf daga macijin rijiyar Kusugu ya taso, wanda ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a har Bayajidda ya zo ya kashe shi.

Wani abu da na lura da shi, kuma dattawa da yawa sun yarda da ni, kukan kwaɗi a cikin gari ba kamar da ba. Kududdufan da muka sani an cike su da shara an yanka filaye an dasa bulo, waɗanda suka rage leda da baƙin mai sun rufe su. A gona kuma feshin maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya, shi kuwa kwaɗo ta fata yake shan ruwa har numfashi yana yi ta nan, abin da aka fesa ruwa ya wanke ya gangara kududdufi a jikinshi yake ƙarewa. Ga shekarun da ruwa zai sauka a yi shuka sannan ya ɗauke sati biyu ko uku, manomi ya yi asarar iri, kwaɗo ma ya yi asarar 'ya'ya don kwatar ta bushe kafin su fidda ƙafa. A gefe guda kuma wuraren noman rani irin bakin dam ɗin Sabke da Daberam, can ruwa baya yankewa, kwaɗi na nan rani da damina, don haka mai ban ruwa da dare ya san cewa shi ba shi da hutun hunturu irin na sauran mutane. Wasu na murna wai an huta da hayaniya, ni dai bana murna, dabbar da ke kwana tana cin ƙwari kyauta ba abin a yi murnar ɓacewarta bane, kuma macijin da ya rasa kwaɗo a bayan gari ba azumi zai yi ba, akurkinka da rumbunka zai nufo.

Yanzu ga inda nake son a ji ni. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta sha faɗin cewa kusan mutum 20,000 maciji ke sara a Najeriya duk shekara, kusan 2,000 kuma ke rasa rai, ban da waɗanda ake yanke ma gaɓa, kuma kowa ya san na ƙauye da yawa ba sa ma shiga lissafi don ba su kai asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, ta kuma sa burin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Akwai allurar da aka yi musamman don macizanmu, EchiTAb, akwai asibitin masu sarar maciji a Kaltungo jihar Gombe, akwai masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da suka daɗe suna bincike a kai. Ilimin na nan. Amma daga Daura zuwa Kaltungo tafiyar yini ce, wa zai ɗauki mai zubar jini ya kama wannan hanya? Wani yaron maƙwabcinmu da aka sara wajen ɗaurin harawa, an kai shi asibiti da wuri abin a yaba, sai aka ce babu allurar a je a nemo a kemis, kuɗin da aka faɗa sai da aka saida tumaki, Allah ya sa yana da sauran kwana. Kuma ko a kemis ɗin ba kowace ce ke aiki ba, akwai waɗanda don macizan Indiya aka haɗa su, ba su iya ma kububuwarmu komai, talaka ya biya kuɗi ya sayi ruwa.

Tunda NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, na fitar da hasashen damina tun farkon shekara har da lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowane yanki, mi zai hana a yi amfani da wannan takardar dai wajen kai allura manyan asibitocin Daura, Katsina, Funtuwa, Dutsin-ma da Malumfashi tun watan Mayu, a sake cikawa a Satumba kafin girbi, a tabbatar akwai firij mai sola inda nau'in ke buƙatar sanyi? Yadda ake rabon taki kafin damina haka ya kamata a yi ma wannan. Ranar wayar da kai kan sarar maciji ta duniya ma 19 ga Satumba take, daidai lokacin da gero ke kwance a gonakinmu, amma a otal ake yin taron a birni, mai roron wake bata san an yi ba. A kai shi rediyo da Hausa, a ba limamai su faɗa ranar Juma'a, malaman gona su faɗa a kasuwar Mai'adua da sauran kasuwannin ƙauye.

Abin da za a faɗa ɗin ma ba shi da yawa. Takalmin ruwa dogo lokacin shuka da noma, tocila in za a fita da dare ko da bayan gida ne, a taɓa dami da sanda kafin a kai hannu, a nisanta tarin itace da kara daga ɗakin kwana, a kwana kan gado cikin gidan sauro a cusa bakinshi. In ƙaddara ta faɗa, kar a ɗaure da igiya ko roba tamau, kar a tsaga, kar a tsotsa, baƙin dutsen nan da ake mannawa baya zuƙe dafi, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a hana mutum tafiya da ƙafarshi a ɗauke shi zuwa asibiti, kuma kar a ɓata lokaci wajen neman macijin wai sai an kashe an tafi da shi, likita na iya gane na kububuwa ta hanyar ɗibar jini a kwalba a jira minti 20 a ga ko zai daskare. Wanda gamsheƙa ta tofa ma dafi a ido, ruwa mai yawa za ai ta zubawa ana wankewa, ba nono ba, ba ganye ba.

Masu maganin gargajiya da gardawa bana faɗa da su, wasunsu iyayenmu ne, kuma na san dalilin da yasa ake yarda da su, sau da yawa macijin da ya sari mutum ba mai dafi bane ko kuma bai zuba dafin ba, mutum ya warke a ce magani ne ya ci. Roƙona garesu ɗaya ne, in suka ga jini a baki ko kumburi na hawa sama ko ido na lumshewa, su ce ma dangi wannan ba nawa bane ku yi asibiti, a sa su ma cikin masu wayar da kan don su ake fara kai ma mutum kafin kowa.

Na gode da wannan fili Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani manomi mai karanta jaridarku, daga Daura, jihar Katsina.