Jari yana hannuna, amma na kasa farawa

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne daga Marwa domin neman shawararka a kan wani al'amari da ya daɗe yana hana ni barci.

Shekaruna 31, kuma shekara bakwai ke nan ina yaron wani dillalin albasa. Ni nake zagaya lambunan Meskin, wani gari kusa da Marwa, idan an fara cire albasa daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, ni nake tsayawa a kan awo da ɗinkin buhu, ni kuma nake raka kaya ta Garwa da Ngaundare har Yawunde. Na san albasar da ta sha ruwa da yawa wadda ba za ta yi wata biyu a ajiye ba, na kuma san wadda ta bushe sosai, wadda idan aka shimfiɗa ta a rumfa mai iska ana juya ta ana tsince ruɓaɓɓu, za ta kai ƙarshen damina, lokacin da kaya ke ƙaranci farashi ya tashi.

Ta hanyar adashi na tara sefa 400,000, mahaifiyata kuma ta sayar da tumakinta biyu ta ƙara mini 100,000, ta ce in kama sana'ar kaina. Kawuna ya ba ni fili a bayan gidansa in kafa rumfar ajiya. Duk da haka, Malam, kakar albasa biyu ta wuce kuɗin suna nan a ƙulle. A karon farko na ce sai na ƙara sanin kasuwa, a na biyu na ce zafin shekarar zai ruɓar da kaya. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce tsoro nake ji, musamman na kuɗin tsohuwa, domin na taɓa ganin mutumin da rabin ajiyarsa ya ruɓe cikin mako uku, kuma har yau ban manta da fuskarsa ba.

Akwai kuma nauyin maigidana, wanda ya riƙe ni da amana, ina jin kunyar ya ɗauka na butulce masa.

Yanzu saura wata biyu a fara cirewa, kuma mahaifiyata ta daina tambayata, shirun nan nata ya fi faɗa yi mini ciwo. Shin in fara da buhu kaɗan daga kuɗina, in mayar mata da nata har sai na ga yadda ajiyar farko ta kasance, ko kuwa hakan zai ɓata mata rai? Kuma da wane irin lafazi zan tunkari maigidana in nemi izininsa da albarkarsa?

Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronka daga Marwa