Tulun Da Ya Ƙi Zanuwa

Samaru, Zariya
Daren Alhamis

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya. Ya kasuwa, ya zaman Kumasi, ya mutanen zango? Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, har da zolayar da ka saba, wai tunda na zama mai zanen jami'a in zano ka in aiko ka rataya a shago. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, wallahi kunya ce ta riƙe ni. Wata biyu ke nan da fara karatu, ban zana mutum ko ɗaya da zan iya nunawa ba. Tulu nake ta zanawa, shi ma tulun bai yarda da ni ba tukuna.

Ka fi kowa sanin irin kan da na zo da shi. Tun muna firamare ni ke zana wa 'yan aji taswira, ni ke zana 'yan ƙwallo a bayan littafi ana saya mini awara. Na shigo ina ganin takardar shaida kawai ta rage a miƙo mini. Ranar farko malaminmu, wani dattijo marar son yawan magana, ya shigo situdiyo ya ɗora tulu a kan dogon teburi, ya jingina faifai a bayansa, ya ajiye ludayi a gaba. Ya sa aka rufe tagogin gefe guda aka bar na ɗaya gefen. Ya ce, "Awa uku. Ku zana abin da kuke gani." Cikin minti arba'in na gama, har da sa hannu a ƙasa kamar wani gwani, na harɗe ƙafa ina kallon sauran suna fama.

Da ya zagayo kaina ya daɗe a tsaye bai ce uffan ba. Can sai ya ce, "Daga inda kake zaune kana hango cikin tulun nan?" Na ɗaga kai na duba, na ce a'a. Ya ce, "To wa ya ba ka wannan bakin?" Ashe na zana bakin a buɗe wangalam, zagayayye, kamar na hau tsani ina leƙa shi, gindin kuma na ja masa miƙaƙƙen layi kamar ina kwance a ƙasa ina kallonsa. Ya ce, "Tulun gidanku ka zana. Na kan teburin nan ko kallo bai samu ba." Ya wuce abinsa. Ban ji haushi ba sai da dare, da na gane gaskiyarsa: a cikin minti arba'in ɗin nan ban ɗaga kai na dubi tulun ya kai sau biyar ba.

Washegari ya ɗauki faifan nan ya riƙe shi a kwance daidai ƙugunsa, ya ce mu faɗi siffar da muke gani. Muka ce zagaye ne. Ya ce mu sake dubawa. Ashe siffar ƙwai ce, mai faɗi. Ya riƙa ɗaga shi a hankali, ƙwan yana tsukewa, yana tsukewa, har ya zo daidai idonmu ya koma layi ɗaya tal. Da ya wuce kanmu sai ya sake buɗewa, amma yanzu bayan faifan muke gani. Shekara nawa ina cin tuwo ana rufe mini shi da faifai, ban taɓa lura da wannan ba. Mako guda cur muka yi muna zana ƙwai a kan takarda mai arha, shafi bayan shafi, kuma duk wanda ya yi wa nasa tsini a gefe sai ya ce masa, "Wannan kifi ne."

Bari in ba ka labarin kayan aiki, don na san za ka tambayi inda kuɗin da Yaya yake turo mini ke tafiya. Abin da muke zama a kai wani benci ne siriri da ake hawa kamar babur, a jingina allon zane a gabansa. Jaki ake ce masa, kuma duk wanda ya yi awa uku a kai ya san sunan bai ɓata ba. Fensir kuwa ashe dangi ne guda. Masu harafin H masu tauri ne, layinsu fari-fari. Masu B laushi gare su, 2B, 4B, har 6B mai baƙi kamar kwalli. Bambancin daga yawan yumɓun da aka cakuɗa da baƙin ne: yumɓu ya yi yawa, fensir ya yi tauri. Wani Bafaranshe ne mai suna Conté ya fito da dabarar a 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun baƙin dutsen da ake haƙowa a Ingila. HB ɗin da muka yi ta rubutu da shi a firamare shi ne na tsakiya. An hana mu mafiƙin fensir, da reza ake fiƙewa a bar baƙin ya fito da tsawo. Riƙon ma an sauya mana: a tafin hannu ake kwantar da shi kamar za ka miƙa wa wani, motsin kuma daga kafaɗa yake fitowa. Kwana uku na farko hannuna rawa yake yi kamar na ɗan aji ɗaya.

Sai awo. Ka miƙe hannu sosai, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita tsinin fensir da saman abu, ka sa babban yatsa inda ya ƙare. Wannan ya zama ma'auninka: wuyan tulu sau nawa zai shiga tsayinsa, faɗinsa ya kai tsayinsa ko bai kai ba. In ka lanƙwasa gwiwar hannu ko kaɗan, awon ya lalace. Ranar Asabar na je kasuwar Samaru ina gwadawa a kan baron wani mai rake. Mutumin ya ga na kanne ido ina nuna shi da tsinke, ya ajiye wuƙarsa ya taso ya ce, "Malam, lafiya? Me na yi maka?" Sai da na nuna masa takardar. Ya duba, ya juya ta, ya ce tayar ta yi ƙanƙanta. Da na sake aunawa, gaskiyarsa ce. Na sayi rake na ba shi haƙuri.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ranar da aka kawo kujerar katako aka ce kada wanda ya zana ta, mu zana ramukan da ke tsakanin ƙafafunta da sandunan bayanta kawai. Na ɗauka wasa ne. Amma da yake ban san yadda rami "ya kamata" ya kasance ba, dole na dube shi, kuma da na gama cike ramukan sai ga kujera ta fito da kanta, ta fi duk wadda na taɓa zanawa daidaito.

Yanzu muna kan inuwa, kuma nan ne na fara jin daɗin abin. Da gawayi muke yi. Na kanti yana da tsada, don haka yawancinmu wajen mai shayin bakin ƙofa muke tsinto masu laushi. A da, in zan sa inuwa, gefe ɗaya nake murje wa baƙi in shafe da yatsa. Ashe hawa-hawa ce. Akwai inda haske ya bugi tulu ya yi ƙyalli, sai inda ya fara dushewa, sai wuri mafi duhu, wanda ba a can bakin gefe yake ba, ɗan ciki yake. Bayansa kuma akwai wani ɗan haske mai rauni da ya bugi teburi ya dawo jikin tulun. Sannan inuwar da ya jefa a ƙasa, wadda ta fi baƙi daidai inda gindinsa ya taɓa teburi. Ranar da na hango wannan ɗan hasken mai dawowa da idona, ba don an faɗa mini ba, sai da tsigar jikina ta tashi. Na ɗauke baƙin wurin da gefen magogi, tulun ya kumbura ya fito daga takarda kamar ka sa hannu ka ɗauka. Tun daga ranar na zama abin tausayi: liman na huɗuba, ni ina kallon yadda haske ke kwanciya a naɗin rawaninsa. Allah ya yafe mana.

Makon jiya aka tura mu Sabon Gari mu zana layin dogo. Kowa ya san ƙarafan nan biyu ba sa haɗuwa, amma ka tsaya a tsakiyarsu za ka ga sun tsuke har sun haɗe a can nesa, daidai tsayin idonka. Ka tsuguna, wurin haɗuwar ya sauko tare da kai. Wannan ƙa'idar a birnin Fulorans na Italiya aka tsara ta, farkon ƙarni na 15, a hannun wani magini mai suna Brunelleschi. A nan ne maganarka ta faɗo mini, da ka ce me ya kai Bahaushe koyon zanen Turawa alhali ga zayyanar allo, ga dagi, ga adon bangon gidajen birni. Ba kai ka fara wannan ƙorafin ba. A garin nan, a 1958, tun makarantarmu tana kwaleji kafin ta zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a kan wannan batu, har aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya. Ba su ce a zubar da abin da Bature ya koyar ba, cewa suka yi a haɗa shi da na gida. Okeke ya koma kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Ni kuma na shiga birni na zagaya wajen tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, na zauna gaban wani zaure mai ado zan kwafa. Wallahi shi ma sai da ya buƙaci awo da inuwa, domin adon tudu ne da kwari, hasken yamma ne ke fito da shi. Na gida ma ba ya zanuwa sai an dube shi.

Maganar halaccin zanen mai rai a addini da ka tayar, Kawu ma ya tare ni da ita da na je gida. Ban ɗauke ta da wasa ba, na fara tambayar malamai, amma ba ta wasiƙa ba ce. Mu bar ta sai ka zo. Zangon nan dai tulu ne da kujera da bango.

Saboda haka hotonka sai ka ƙara haƙuri. Abin da zan turo maka ta WhatsApp gobe tulu ne, na goma sha ɗaya. Malam ya tsaya a kansa ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan, amma na kwana ina murmushi. Kafin nan ga aiki na ba ka: an ce mana idon mutum a tsakiyar kansa yake, daga tsakar ka zuwa ido daidai yake da daga ido zuwa haɓa. Ni na musa sai da na auna. Ka cire hula ka tsaya gaban madubi da tsinken tsintsiya ka gwada, ka faɗa mini, don naka kan ina da shakka a kansa tun muna yara.

Ka gaida maigidanka da duk mutanenmu na can. Inna tana gaishe ka, ta ce goron da ka yi alkawari har yau shiru. Idan mai zuwa ya samu, ka haɗo mini da fensir 6B ko guda biyu ne, nawa ya kusa zama guntu.

Wassalam,
Naka har kullum.