Yaya, a mayar da Baba kan allurarsa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai sanyi, shi ma an saba.

Jiya na turo naira dubu 180 ta asusunki, in ya shiga ki sanar da ni. Kuɗin insulin ne, allurar ciwon sugan Baba, da tsinken gwaji da kuɗin mota zuwa asibitin Shika. Kada a taɓa shi don wani abu, ko wa ya zo da kuka.

Auta ya faɗa min Baba ya ajiye insulin yau kwana tara, wai Kawu ya kawo masa jiƙo. Dalili wai kullum da asuba na'urar gwajin suga na nuna sama da 200, alhali rabonsa da abinci tun isha'i, don haka allurar ba ta aiki. Yaya, kin san da wannan kika yi shiru? Daren da na ji ban runtsa ba.

Ki karanta wa Baba wannan a hankali, don mun yi shi a darasin da nake zuwa da yamma. Sugan da ke cikin jini ba ya shiga tsoka haka kawai. A cikin ƙwayoyin tsoka da na kitse akwai wasu 'yan dako, likitoci na ce musu GLUT4, suna zaune can ciki. Sai insulin ya yi sallama a bakin ƙwayar sannan su fito ƙofa su riƙa shigo da suga. In ba sallama, suga ya taru a jini, tsoka kuma tana fama da yunwa. Abin da ya sa yake ci yana ramewa ke nan, ga ƙishirwa ga yawan fitsari.

Maganar asuba kuwa daban ce. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake, shi ke sakin sinadarin girma, wanda ke sa yara tsawo. Tsofaffi ma suna da shi, kuma ya fi fitowa in barci ya yi nauyi. Idan ya fito sai ya sa kitse ya narke ya shiga jini, tsoka ta koma ƙona kitsen, ta daina jin sallamar insulin sosai, 'yan dakon su yi jinkirin fitowa. Hanta kuma a lokacin tana ta zuba nata sugan. Shi ya sa daga wajen ƙarfe 3 na dare zuwa safiya suga ke hawa ko ba a ci komai ba. Mai lafiya jikinsa ne ke ƙara insulin ya daidaita abin. Jikin Baba ba zai iya ba. Lambar asuban nan buƙatar allurar take nunawa.

Amma don Allah kada ku ƙara masa da kanku. A gwada shi kafin ya kwanta, da ƙarfe 3, da in ya tashi, dare uku a jere. Auta ya rubuta a littafi, ku kai wa likitansa a Shika, shi zai ce abin da za a gyara. In ta nuna ƙasa da 70, ko ya fara gumi da rawar jiki, a ba shi ruwan suga nan take. Kuma ya riƙa takawa zuwa masallaci bayan cin tuwo maimakon a ɗauke shi a mashin, domin tsoka in tana aiki 'yan dakon nan na fitowa ko insulin ya yi ƙaranci. Da takalmi fa. Allurar a firij, ba wajen ƙanƙara ba. In an ɗauke wuta a rufe ta a gwangwani a sa a randar Inna.

Kin san a garin nan na Toronto aka gano insulin a 1921? Ina wuce jami'ar da aka gano shi in zan tafi aiki. A gidan tsofaffin da nake, ni nake rubuta lambobin gwajin mutum goma sha biyu, kuma ba a taɓa samuna da kuskure ba. Iyayen wasu nake tsaye a kansu, nawa uban sai a bakin Auta nake jin labarinsa. Ki yafe min nauyin da na bar miki.

Kada ki yi faɗa da Kawu, Inna ta yi masa magana da kanta. Kuɗin nan dai na allura ne, Yaya, kuma a sayo ta yau. Zan kira ranar Juma'a bayan an sauko, a ba Baba wayar.

Ƙanenki