Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa Ta Girka Kan Albashin 'Yan Wasan Super League 2

Zuwa ga Makis Gagatsis,
Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Girka, EPO,
Atens.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga abin da ke tafe da ni ba tare da kwana-kwana ba. Ƙungiyoyin gasarku ta rukuni na biyu, Super League 2, sun yi ƙaurin suna wajen ɗaukar 'yan wasa, su ci guminsu na kaka guda, su rufe ofis, su bar su riƙe da takardar kwantiragin da ko burodi ba za ta saya musu ba. Hukumar da kake shugabanta ita ke ba waɗannan ƙungiyoyi lasisin shiga gasa. Shi ya sa wasiƙar ta nufo teburinka.

Ba ni na fara faɗa ba. A watan Yulin 2022 ƙungiyar 'yan wasan ƙwallo ta duniya, FIFPRO, ta fitar da gargaɗi ga 'yan wasa cewa su yi hattara kafin su sa hannu a ƙasashe 7: Aljeriya, Sin, Libiya, Romaniya, Saudiyya, Turkiyya da Girka. Da aka zo kan Girka ba a yi kuɗin goro ba, Super League 2 aka nuna da yatsa, aka ce ƙungiyoyinta kan rushe ba su biya bashin da ke kansu ba. Aka ƙara da cewa shekara biyu a jere, waɗanda suka yi wasa a Girka ne suka fi kowa yawa a layin masu neman tallafi daga asusun da FIFA ta kafa a 2020 domin 'yan wasan da aka cinye wa albashi. Dala miliyan 16 aka ware wa asusun nan domin duniya baki ɗaya, amma ƙasarku ce ta fi tura masa mabuƙata. Ƙasar da ta ɗauki kofin Turai a Lisbon a 2004, wadda Olympiacos ɗinta ta doke Fiorentina ta ci kofin Conference League a Mayun 2024, ita ce ta zo ta ɗaya a nan ma. Wannan kambun dai ban ga an zaga gari da shi a buɗaɗɗiyar mota ba.

Na san za ka ce abin ya riga ka, a 2024 aka zaɓe ka. Haka ne. Sai dai wanda ya hau kujera da bashinta ya hau, kuma kai ba baƙo ba ne a harkar, ka daɗe a cikinta kafin ka zo nan. Ka fi ni sanin yadda ake yin dabarar.

Tun 1979 da ƙwallon Girka ta zama sana'a, kowace ƙungiya kashi biyu ce. Akwai uwar ƙungiya ta 'yan sa-kai, mai suna da tambari da launin riga da magoya baya. Akwai kuma kamfanin da ke tafiyar da ƙwallon kuɗi, wanda kuke kira PAE, shi ke sa hannu a kwantiragi, shi ke cin bashi. In bashi ya yi katutu sai a bar kamfanin ya mutu, ƙungiya ta sauka ƙasa ta yi shekara biyu ko uku, a buɗe sabon kamfani, a dawo da suna iri ɗaya, riga iri ɗaya, a fili ɗaya, 'yan kallo na rera waƙoƙinsu na da. Bashin kuwa an binne shi tare da tsohon kamfani. Manya ne suka share wa ƙanana hanya. AEK da ta faɗi daga babbar gasa a 2013 ba ta tsaya a rukuni na biyu ba, ta zaɓi gangarawa na uku don ta rabu da tsohon kamfaninta, ta dawo sama a 2015, ta ci gasar ƙasa a 2018. Aris ta bi sahu a 2014, ta dawo a 2018. Iraklis ta Tasalonika, mai tarihi tun 1908, ta sha mutuwa tana tashi. Panionios ta rufta a 2020. Ergotelis ta tsibirin Kirit ta janye daga gasar rukuni na biyu ana tsakiyar kaka a 2016. Mai ƙaramar ƙungiya da ya ga manya sun yi sun wanye lafiya, me zai hana shi?

Ina horar da yara ƙwallo a unguwarmu a Kano, kuma akwai wanda ya taso a hannuna tun yana bugawa ba takalmi, ɗan wasan baya ne mai tsayi da natsuwa. Wani dillali ya kai shi wata ƙungiya a rukuninku na biyu. Ba zan kama sunanta ba. Ranar da ya turo hotonsa sanye da rigar ƙungiya, mahaifiyarsa ta soya waina ta raba wa maƙwabta. An biya shi watan farko cif, na biyu rabi, daga nan sai "mako mai zuwa". Akwai wani gidan abinci da 'yan wasa ke ci da sunan ƙungiya. Wata rana bayan atisaye suka je, mai gidan ya fito da littafinsa ya buɗe musu shafi bayan shafi na abin da ba a biya shi ba, ya ba su haƙuri, ya ce daga yau sai da kuɗi a hannu. 'Yan ƙasa suka watse gidajen iyayensu. Shi da wasu baƙi biyu suka koma dafa taliya da gishiri a ɗaki, cikin sanyin Janairu, ba su kunna na'urar ɗumama ɗaki saboda mai gida ya fara ƙwanƙwasa ƙofa kan kuɗin haya. Duk da haka ranar Lahadi ya fita ya buga minti 90. Da ya nemi a sake shi ya nemi wani wuri, sai aka miƙo masa takarda da rubutun Girkanci, aka ce ya sa hannu cewa ba ya bin kowa ko sisi. Izinin zamansa a ƙasar rataye yake da aikin nan. Ya sa hannu. Yanzu yana gida, kuma in an tambaye shi Turai sai ya yi murmushi ya canza zance, don a unguwa har gobe akwai masu ganin ya dawo da kuɗi yana ɓoyewa.

Za a ce ai akwai doka. Akwai. Dokar FIFA ta musayar 'yan wasa, sashe na 14bis, ta ce in ƙungiya ta riƙe albashin wata biyu, ɗan wasa ya rubuta mata takarda ya ba ta kwana 15, in ba ta biya ba yana da damar tafiya kuma ya bi haƙƙinsa. Dokar ladabtarwa ta FIFA ta 2019 ma ta ce ƙungiyar da ta gaji wata a fagen wasa, ta ɗauki sunanta da launinta da hedikwatarta da 'yan wasanta, ta gaji bashinta. A takarda abin gwanin kyau. Amma yaro mai shekara 20 da ba ya jin yaren gari, ba shi da kuɗin lauya, bai ma san akwai ƙungiyar 'yan wasa ta PSAP da zai kai wa kuka ba, yaushe zai bi wannan doguwar hanya? Ko ya bi ya yi nasara, kafin hukunci ya fito kamfanin da ya kai ƙara ya zama gawa. Wurin da za a tare ɓarnar shi ne bakin ƙofa, ranar ba da lasisi, kuma makullin ƙofar nan a hannunku yake.

Mu nan in aka ambaci ƙwallon Girka, abin da ke fara faɗo mana shi ne Bloemfontein a gasar kofin duniya ta 2010, ranar da ɗanmu Sani Kaita ya ɗaga wa ɗan wasanku Torosidis ƙafa a bakin layi. Alƙali bai yi wata-wata ba ya zaro jan kati, kuka farke kuka ci mu 2-1. Ba mu ce an zalunce shi ba, doka ce. To ina jan katin shugaban ƙungiyar da ya riƙe albashin mutum 25 wata da watanni? Ɗan wasa ya yi kuskuren daƙiƙa ɗaya duniya ta gani, mai ƙungiya ya yi na kaka guda, baɗi a gan shi a kujerar manyan baƙi.

Kuma kada a ɗauka cutar a kan 'yan wasa kaɗai ta tsaya. Mai tsaron ragar da ya yi wata huɗu ba albashi, in wani ya same shi a wurin shan gahawa ya ce ya bari ƙwallo ɗaya ta wuce a minti na 80, wace amsa kuke jira ya bayar? Ba ku manta da badaƙalar Koriopolis ba. A 2011 badaƙalar sayar da wasa ta sa aka fitar da Olympiakos Volos da Kavala daga babbar gasa, UEFA kuma ta kori Volos daga Europa League. 'Yan caca ba sa neman wanda ya ƙoshi. Duk ƙungiyar da kuka bari ta fara kaka da aljihu wayam, ku kuka buɗe musu ɗakin sa kaya.

Alkawari kam an sha. A 2016 FIFA ta naɗa wa EPO kwamitin riƙo. A Fabrairun 2020 Firaminista Kyriakos Mitsotakis da shugaban UEFA Aleksander Čeferin suka zauna a Atens aka sa hannu kan yarjejeniyar gyaran ƙwallon Girka, aka ce za a yi nazari daga tushe har reshe. A 2021 aka kawo Theodoros Zagorakis, kyaftin ɗin 2004, ya shugabanci hukumar, jama'a suka ce to yanzu an zo wurin. Bai cika shekara ba ya ajiye. Abin da rukuni na biyu ya samu a tsawon wannan lokaci shi ne canza wa tuwo suna. Da Beta Ethniki ce, a 2010 ta koma Football League, a 2019 ta zama Super League 2. An fara sabuwar da ƙungiyoyi 12, wanda ko ba komai adadi ne da za a iya sa wa ido. Sai a 2021 aka rushe Football League, wadda ta koma rukuni na uku, aka juye ta ciki, aka ƙaro ƙananan ƙungiyoyin Olympiacos da PAOK da AEK da Panathinaikos, adadi ya haura 30, aka raba Arewa da Kudu. Kuɗin da bai ishi 12 ba aka ce 30 su raba. Shekara guda bayan haka gargaɗin FIFPRO ya fito. Wa ya yi mamaki? Daga baya an sake rage yawansu, na yaba, amma rage ƙungiyoyi bai mayar wa kowa da kuɗinsa ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ba zan tsaya kansu ba. Kakar da aka taɓa farawa a Nuwamba alhali sauran Turai sun yi nisa tun Agusta, teburin da ake yanke wa maki a ofis har mai kallo ya rasa wa ke gaba, ƙananan ƙungiyoyin manya da ke wasa gaban kujerun da ba kowa. Waɗannan naku ne ku da magoya bayanku.

Wataƙila wani a ofishinka ya ce, mutumin Najeriya ne zai koya mana biyan albashi? Ya yi gaskiya, namu ƙungiyoyin ma suna riƙe wa 'yan wasa haƙƙi, kuma muna faɗa musu a nan gida da kalmomin da suka fi waɗannan zafi. Bambancin shi ne wanda aka hana albashi a Kano ko Katsina da yamma zai je gidansu ya ci abinci. Wanda aka hana a wani gari a arewacin Girka ba shi da kowa, ba shi da kuɗin jirgi, takardar zamansa kuma tana ƙarewa. Ba kuma roƙon arziki suka zo ba. Ku kuka buɗe kasuwa, ƙungiyoyinku suka neme su. Ƙwallon da ta ba Olympiacos kofin Turai ma ɗan Afirka ne ya ci ta, Ayoub El Kaabi na Maroko.

Don Allah, Yallaɓai, abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon nazari ko tawaga daga hedikwatar FIFA a Zurich. Kafin a ba kowace ƙungiya lasisin Super League 2, ta ajiye kuɗin albashin aƙalla wata uku na duk 'yan wasanta a asusun da hannun mai ƙungiya ba ya kaiwa, in ta gaza biya a ɗiba a ba su kai tsaye. Wadda ba ta da shi ta zauna a rukunin 'yan sa-kai, ba abin kunya ba ne. Ƙungiyar da ta rushe kamfani ta dawo da tsohon suna da tsohuwar riga, kada ta taka matakin ƙwararru sai ta biya 'yan wasan da ta bari, na gida da baƙi. Wanda ya shugabanci kamfanin da ya mutu da albashin mutane a hana shi riƙe wata ƙungiya. Sannan a riƙa wallafa sunayen ƙungiyoyin da ake bi bashi kafin buɗe kowace kasuwar musayar 'yan wasa, a Girkanci da Ingilishi da Faransanci, yadda uba a Kano ko Kumasi ko Yamai zai iya dubawa a wayarsa kafin ya sayar da fili ya biya dillali. Takardar yafe haƙƙi kuma kada ta yi aiki sai an sa hannu gaban wakilin PSAP, da yaren da ɗan wasan ke ji.

Na san wasu masu ƙungiyoyi za su yi ca a kanka, kuma na san da ƙuri'u ake hawa kujerar nan. Za a ce gasar za ta ragu ta koma 'yar mitsitsiya. To ta ragu. Panserraikos da Kifisia da Levadiakos da AEL ta Larisa duk daga rukunin nan suka haura babbar gasa a 'yan shekarun nan, ke nan akwai masu iya riƙe ƙungiya har su kai ta sama. Da irinsu za a yi gasa.

Kafin in ga waɗannan matakai a rubuce a dokar lasisinku, duk uban da ya zo mini da takardar gayyata daga Super League 2 zan nuna masa gargaɗin FIFPRO na 2022, in ce ya riƙe ɗansa da filinsa. Akwai dillalai biyu da suka daina gaishe ni saboda haka. Ranar da aka canza dokar, ni zan fara sanar da iyayen yara.

Naka,
Mai horar da yara ƙwallo,
Kano, Najeriya.